Yadda matar da mijinta ya rasu za ta sake aure bayan ta haura shekara arba'in

Kaɗaicin rashin miji ba ya nuna kansa a kwanakin zaman makoki, lokacin da gida ke cike da masu ta'aziyya. Sai an yi sadakar arba'in, dangi sun watse, yara sun koma makaranta ko gidajen aurensu, sannan mace ke gane cewa ba ta da wanda za ta yi shawara da shi bayan sallar isha'i. Idan ta furta cewa tana son aure, sai a ce mata ta zauna ta riƙe marayunta, me ya rage mata. Wannan magana ba ta da tushe a addini. Nana Khadija ta yi aure biyu kafin Manzon Allah (SAW) ya aure ta. Ummu Salama kuwa, da ya nemi aurenta bayan rasuwar Abu Salama, uzuri uku ta kawo: tana da kishi, tana da 'ya'ya, shekarunta sun ja. Babu wanda ya hana auren a cikinsu.

Abin da ya fi rusa auren mace a wannan shekarun shi ne a ɗaura shi kafin a warware gado, riƙon yara da wurin zama. Saboda haka aka jero matakan nan yadda ya kamata su biyo juna. Hukunce-hukuncen da aka kawo na mazhabar Malikiyya ne, wadda kotunan shari'a na Arewacin Nijeriya ke aiki da ita.

Fara da lissafin takaba

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta faɗa. Da watan Musulunci ake ƙirgawa, daga ranar da ya rasu, ko da labarin bai iso miki ba sai daga baya. Misali, in ya rasu 10 ga Rajab, wata huɗu za su cika 10 ga Zulƙida, ki ƙara kwana goma, wato wajen 20 ga wata. Ki kai wa malami ranar ya tabbatar miki, domin kwana ɗaya kan shige a lissafi. Ɗaukewar al'ada ba ta rage komai daga wannan adadi. Mai ciki kuwa haihuwa ce ke fitar da ita.

A cikin takaba za ki kwana a gidan da ya rasu ya bar ki, ki bar ado, turare da kwalli, amma kina iya fita da rana don asibiti, aiki ko wata lalura. Wanka da wanki da tsefe kai duk halal ne. Hana su al'ada ce kawai. Idan gidan mallakarsa ne, ko ya riga ya biya kuɗin haya, magada ba su da ikon fitar da ke kafin ki gama.

Inda ake samun kuskure mai tsada shi ne maganar aure a wannan lokaci. Aya ta 235 ta yarda namiji ya yi hannunka-mai-sanda, amma ba ta yarda da neman aure ƙarara ko ƙulla alkawari a ɓoye ba. In aka ɗaura aure cikin takaba, ɓatacce ne, za a raba. In har an tare, a Malikiyya ya haramta gare ki har abada. Duk wanda ya matsa miki da cewa a sa rana tun yanzu, ki ce ya dakata. In bai iya jiran 'yan watanni ba, ya nuna miki halinsa tun ba a je ko'ina ba.

A raba gado kafin bazawari ya fara sallama

Wannan mataki ne mata suka fi tsallakewa saboda kunya, kuma shi ne ya fi jawo kuka daga baya. Tsarin shi ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sannan a raba. Ragowar sadakinki da bai biya ba, da kuɗin da kika ranta masa, bashi ne. A fitar miki da su kafin rabo. Kayan ɗakinki, gwala-gwalanki da dabbobinki ba sa shiga gado.

Rabon mace tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, in mamacin ya bar ɗa ko 'ya, ko da ba ke kika haifa ba. In bai bar zuriya ba, rubu'i ne, ɗaya bisa huɗu. Matan da ya bari su ke raba wannan kason tsakaninsu. A ce bayan biyan bashi dukiyar ta kai naira miliyan 8: tumuni miliyan 1 ne, in ku biyu ne kowacce ta sami dubu 500. Sake aure ba ya soke miki wannan haƙƙi, ko da dangin miji sun yi miki barazana da hakan.

Ki nemi a yi rabon a kotun shari'a, ko a gaban malamin da ya san ilimin gado tare da shaidu, a rubuta, ki riƙe kwafi. Rabon baki a tsakar gida shi ne wanda ake musantawa bayan shekara biyar. In ma'aikaci ne, ki tattara takardar shaidar mutuwa, takardar aurenku da bayanan asusun fanshonsa. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar kotu da ke ba da izinin karɓar dukiyar mamaci. Ki kuma tambayi ofishin da ke biyan wani haƙƙi a kai a kai ko sake aure zai shafe shi, ki sami amsa a rubuce.

Dalilin gaggauta wannan biyu ne. Da zarar an ji kina zance, dangin mamaci kan canza fuska, su fara cewa za ki kwashe dukiyar ɗansu ki kai wa wani ƙato. Na biyu, dole ki san iyakar abin da yake naki da abin da yake na marayu. Gidan da kike ciki, in na gado ne, mai yiwuwa kason ki a ciki bai wuce ɗaki guda ba. Kuɗin marayu amana ce: ba a ba sabon miji jari da su, ko da ya rantse zai mayar da riba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mata ba. Sabon mijinki magajinki ne. In kika riga shi rasuwa kina da 'ya'ya, yana da rubu'in dukiyarki. In ba ki da su, rabi. Idan akwai fili ko gida da kike son ya zama na 'ya'yanki kaɗai, hanyar ita ce kyauta tun kina da lafiya, a rubuta, a yi shaidu, su kuma karɓa a hannunsu, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu takan koma gado. Wasiyya ba za ta yi wannan aikin ba, tunda ba a yi wa magaji wasiyya.

Yara: wa zai riƙe su, a ina

A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Amma in uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba ne, aka tare, haƙƙin yakan koma ga kakarsu ta wajen uwa, sannan sauran mata na kusa bi da bi. In wanda riƙon zai koma wa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, ya rasa damar nema. In kuma baffan yaran kika aura, riƙon bai faɗi ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa dangi su ba da shawarar auren ƙanin mamaci ko wansa. Halal ne bayan takaba, amma ba wanda ke da ikon tilasta miki.

A aikace, ki zauna da mahaifiyarki ko yayarki da babban baffan yaran tun kafin a sa rana, a yanke wanda zai zauna da wa, wa zai biya kuɗin makaranta, daga wane kuɗi. Shari'a ba ta ɗora wa sabon miji ciyar da agola ba. In ya ce ya ɗauka, alheri ne, amma ki sa ya faɗa a gaban waliyyinki, ya ambaci abin da ya ɗauka: abinci kawai, ko har da makaranta da magani. "Ai 'ya'yanki 'ya'yana ne" magana ce ta lokacin zance, ba ta biyan kuɗin zango.

Ki lura da wannan ma. Bayan an tare, 'yarki ta zama muharramarsa. Amma 'ya'yanki da 'ya'yansa na wata mata ba muharraman juna ba ne, aure ya halatta tsakaninsu. In kina da budurwa shi kuma yana da samari a gida, dole a tsara ɗakin kwana da banɗaki tun kafin tarewa.

Manyan 'ya'ya su ne sukan fi tayar da ƙura, musamman maza. Kada su ji a bakin maƙwabta. Ki kira babban ki gaya masa ke da shi, ko ki sa kawunsa ya gaya masa. Ki sani kuma, a Malikiyya ɗa baligi yana gaba da uba a jerin waliyyan bazawara, don haka shigar da shi cikin maganar tun farko yakan mayar da mai adawa mai tsayawa a kan lamarin.

Inda ake samun miji

Zama a ɗaki ana jiran tsammani ba ya kawowa, domin yawancin mutane na ɗauka mace mai shekara 45 ta rufe wannan babi. Sai kin bari an sani. Ki zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙe sirri: wa ko ƙani, malamar Islamiyyarku, aminiyar da mijinta ke da mutane. Ki faɗa musu ƙarara, da irin wanda kike so: shekarunsa, ko kin yarda da mai mata, ko za ki iya barin garinku. Babu faɗuwar girma a nan. Sayyidina Umar da kansa ya yi wa Usman da Abubakar tayin 'yarsa Hafsa bayan mijinta ya rasu.

Masu dalilin aure suna nan a kusan kowane gari. Ki yi hulɗa da wadda aka san gidanta, aka san auren da ta haɗa. Ku yi maganar ladanta tun farko, kada ki ba da hoton da ba za ki so ya yi yawo ba. A Kano, Hukumar Hisbah ta fara aurar da zawarawa a 2012, kuma a Oktoban 2023 an ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, inda gwamnati ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki. Irin wannan shiri ba kullum ake yin sa ba. Ki tambaya a ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarku ko an buɗe rajista.

Sai Facebook da WhatsApp, inda zaurukan haɗa aure suka yi yawa. Ana dacewa, amma nan ne macuta suka fi farautar matan da aka san sun ci gado. Alamominsu kusan iri ɗaya ne: soyayya mai zafi cikin mako guda, ƙin kiran bidiyo, aiki a wata ƙasa mai nisa, sannan wata matsala ta gaggawa da ke buƙatar kuɗi, ko kaya da aka riƙe a tashar jirgi sai an biya. Ƙa'idarki guda ce: ba kuɗi, ba hoton tsiraici, ba haɗuwa a otal. Wanda yake da gaske zai zo gidanku ya gaisa da manya cikin 'yan makonni.

Bincike

Ki ba shi mako huɗu zuwa takwas, kuma maza biyu na wajenki su yi shi, kowa ta hanyarsa. Su je unguwarsu, su ji daga limamin masallacin da yake salla, mai unguwa, mai shagon da ke kusa da gidansa, da abokan sana'arsa. Mai shago ya fi kowa sanin mai cin bashi ba ya biya.

Tambayoyin da za a nemo amsarsu: mata nawa gare shi yanzu, nawa ya saka kuma me ya raba su, yana ciyar da 'ya'yan da ke hannun tsofaffin matansa, gidan da yake ciki nasa ne ko haya, yana duka, yana shaye-shaye. In akwai hanyar jin ta bakin wadda ya saka ta hannun wata mace, a ji, a auna da na sauran. Mutumin da ya yi saki uku ko huɗu kuma a bakinsa kowacce ita ce mai laifi, ke ce ta gaba a jerin. In matarsa rasuwa ta yi, a tambayi yadda ya yi jinyarta.

Ki kula da yadda yake tambaya game da dukiyarki. Wanda tun zuwa na biyu yake son sanin ko an raba gado, ko takardun gida na hannunki, ya faɗa miki abin da ya kawo shi. Ki yi istihara, amma istihara ba ta ɗauke wa kowa bincike.

Asibiti

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ku je tare asibitin da ke kika zaɓa, ku karɓi sakamako tare. Takardar da ya kawo a aljihu ba hujja ba ce, ana sayen irinta. A gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da rukunin jini na sikila. A Jihar Kano ma doka ce tun 2024. Gwajin ƙanjamau na iya kasa nuna cutar da aka ɗauka kwanan nan, don haka in da shakka a maimaita bayan wata uku. In shi yana da ciwon hanta na B ke ba ki da shi, akwai allurar rigakafi sau uku: ta farko, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.

Kada ki ce kin wuce haihuwa don al'ada ta fara tsallake wata. Sai ta ɗauke wata 12 a jere ake cewa ta tafi, kafin nan ciki na iya shiga. In ku duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila a jininsu, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama sikila. Ciki bayan arba'in kuma ya fi zuwa da hawan jini da ciwon suga, don haka a auna su, ku yi maganar haihuwa a fili: yana so, kina so, ko za a yi tazara. Bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada abu ne da aka saba gani, kuma likitan mata na da magani mai sauƙi. Ki nisanci cushe-cushen da ake tallatawa da sunan kayan mata, suna jawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi.

Sharuɗɗa, sadaki da ɗaurin aure

Bazawara ba a aurar da ita sai ta furta yardarta da bakinta. Shirunta ba izini ba ne. Amma waliyyi dole ne, da shaidu biyu adilai, da sadaki. In waliyyi ya ƙi ba tare da hujja ba, alƙali na iya aurar da ke. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, zinariya da ta ɗan haura giram ɗaya, kuma kuɗinsa na hawa da sauka da farashin zinariya, sai a tambayi na makon. Wannan ƙasan ne kawai. Kina da damar yanka abin da ya dace da ke, kuma gara a biya lakadan. In za a yi ajali, a rubuta adadi da rana.

Babbar maganar ita ce wurin zama. Hanya uku ce. Ki tare a gidansa tare da uwargida, wanda ya fi arha gare shi, ya fi nauyi gare ki in kin saba da mulkin gidanki shekara ashirin. Ko ya kama miki wuri dabam. Ko ki zauna a gidanki yana zuwa ranar girkinki, abin da ake kira auren ɗauki sandanka. Na ukun ya fi dacewa da mai yara 'yan makaranta ko mai sana'a a unguwarta, amma yana da tarko biyu. In gidan na marayu ne, sai da yardar masu kula da haƙƙinsu, in ba haka ba za a ce kin kawo miji gidan ubansu. Sannan wasu mazan na ɗaukar irin wannan aure a matsayin na kyauta, su zo su ci su tafi. Ciyarwa, tufatarwa da rabon kwana suna kansa duk inda kike zaune. Kada a sa sharaɗin yafe su cikin ɗaurin aure, domin a Malikiyya irin wannan sharaɗi na ɓata auren kafin tarewa. In kin ga dama daga baya ki sauƙaƙa masa don kanki, wannan naki ne, kuma kina iya janyewa. Ku yanke adadin kuɗin cefane na mako ko na wata tun yanzu.

Wanda ya ce a ɗaura a ɓoye kada uwargida ta ji, a roƙi shaidu su yi shiru, ki ƙi. Auren sirri abin rabawa ne a mazhabarmu, kuma ranar da ya rasu ke za a bari kina neman mai shaidar cewa ke matarsa ce. A ɗaura a masallaci, a raba goro da dabino, a karɓi takardar shaidar aure, ki adana ta tare da takardun gado.

Kada ki sayar da fili ko ki taɓa jarinki don kayan ɗaki. Gyara na da, sabuwar katifa da labule sun isa. Bayan tarewa kina da kwana uku, sannan a koma rabon kwana da sauran matan. Asusun bankinki da lambar sirrinsa su zauna a hannunki. In ya nemi rance kuma kin ga za ki iya, ki ba da abin da ba zai durƙusar da ke ba in bai dawo ba, a rubuta, mutum biyu su sa hannu, ɗaya daga danginki.